Yashin Bakin Bahar a Kan Sutuhinmu

A Harra ta Yamma, unguwarmu a Madina, ba mu da yashi. Baƙin dutse ne ko'ina, mai kaifi, mai cin takalmi, wanda idan rana ta take ba ka iya ɗora masa hannu. Duk yashin da ka gani a unguwarmu wani ne ya ɗauko ya kawo, ko dai magina, ko kuma mai wata manufa. Kowa ya san haka ban da ɗana.

Shi ne autana, shi kaɗai ne kuma namijin da ya rayu. Ni ban yi karatu ba, sai abin da zan yi salla da shi. Ubansa, Allah ya jiƙansa, shi ya dage sai yaron ya shiga makarantar gwamnati, tunda muna da tabi'iyya, wato takardar zama 'yan ƙasa, babu mai hana shi. Ya gama, ya wuce jami'a a Jidda. Na ɗauka likita zai dawo mini, ko mai zanen gini. Da ya zo hutu na tambaye shi abin da ake koya masa, ya ce ilimin ƙasa ne, duwatsu da kwaruruka da yadda Allah ya shimfiɗa su. Na ce to duwatsu kam ga su nan a ƙofar gida, da ya faɗa mini tun farko da na huta da biyan kuɗin mota. Ya yi dariya, ya ce ai shi ba dutse ya zaɓa ba, yashi ya zaɓa.

Lokacin nan ake ta faɗaɗa Yanbu, garin bakin bahar, manyan motoci na wucewa da ƙarafa ba dare ba rana. Da ya gama karatun farko, wani malaminsa ya ɗauke shi cikin masu aikin bakin bahar. Sai su tafi arewa da Yanbu su yi makwanni a tanti. Yadda ya kwatanta mini, akwai wasu tsibirai dogaye, sirara, na yashi zalla, kwance a gaban gaɓa kamar an shanya rawani, su ne ke tare wa gaɓar ƙarfin ruwa. A bayansu kuma, a kan tudu, ga tarin rairayi da iska ke turawa. Aikinsu su kafa turakun ƙarfe, su auna, su tafi, bayan watanni su dawo su ga inda yashin ya kai. Ya ce mini tsibirin ma tafiya yake yi, a hankali, yana matsowa wajen gaɓa. Na ce tsibiri ba shi da ƙafa. Amma na san irin wuraren. Ina yarinya muka tsallako daga Sawakin ta Sudan a jirgin katako, na ga irinsu ta gefen jirgi, farare fat, babu itace, babu inuwa, sai tsuntsaye. Uwata ta juyar da fuskata ta ce in daina kallo.

Akwai magana ɗaya da ta tsaya tsakanina da shi. An ba shi damar tafiya ƙaro karatu a ƙasar Turawa, can inda ya ce irin tsibiran nan sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, kuma manyan masana abin a can suke. Ba zai tafi ba sai da yardata, ni kuma na hana. Kakanninsa shekaru suka yi a hanya, suna noma a gonakin mutane a Cadi da Sudan, suka binne 'ya'ya a garuruwan da ba ma iya faɗin sunayensu, don kawai su zama maƙwabtan Manzo, a sa su a maƙabartar Baƙi'a idan kwana ya ƙare. Na ce ban haifi ɗa a Madina don ya je ya mutu a inda ba a kiran salla ba. Duk zuwan da zai yi sai ya taɓo maganar, a hankali, bayan ya ci abinci. Duk zuwa amsata ɗaya ce. Yaro ne mai biyayya, sai ya sunkuyar da kai ya ce to.

Da ya ga ba zai tafi ba, sai ya fara kawo aikin gida. Ya ce ɗakin awonsu a Jidda ya cika da mutane, nan kuma ga sutuhi, wato saman ɗaki, ga rana mai busar da komai. Ya zo da sayyara, wato mota, cike da ƙananan jakunkuna na farin yadi, kowace an ɗaure bakinta da zare, an rubuta lambobi a jikinta. Ya hau da su. Yana da rariyoyi na tagulla da ake ɗora wata kan wata, ya zuba yashi a ta sama ya yi ta girgizawa, sannan ya auna abin da ya tsaya a kowace, ya rubuta a takarda mai gidaje-gidaje. Yana kuma da wani faffaɗan faranti na katako da ya sa kafinta ya yi masa. A nan yake baza yashi, ya tara shi tudu-tudu, ya kunna masa fanka ya zauna yana kallo, yana ja masa layi da ɗan yatsa.

Ranar da na fara hawa na same shi haka, sai na tsaya a bakin matakala ina kallo. Baƙin mutum, zaune a ƙasa, faranti cike da yashi a gabansa, yatsa na zane, gefe ga takarda mai gidaje cike da lambobi kamar hatimi, ga ƙulle-ƙulle na farin yadi. Shi aiki yake gani. Ni na ga abin da duk wata mace 'yar ƙasarmu za ta gani idan ta leƙo.

Lokacin da muke zaune a unguwar Anbariyya, ina amarya, akwai wani tsoho mai ɗinkin hula a lungunmu. Yana da ɗan faifai da yashi a ƙarƙashin gado. Mata na zuwa ya buga musu ƙasa a kan ɓatan kaya, ko miji da ya daɗe a tafiya. A ƙasarmu ta Hausa wannan ba abin ɓoyewa ba ne, a nan kuwa sunansa sihiri, kuma kowa ya san hukuncin sihiri. Wata safiya aka zo aka tafi da shi da faifan. Hular da yake ɗinkawa ta daɗe a kan tabarma da allurar a jiki, babu wanda ya yarda ya taɓa. Ba mu sake jin labarinsa ba, ba mu kuma tambaya ba.

Na ba ɗana wannan labari a tsaye, a kan sutuhin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya amsa da Larabci kamar yadda yaranmu suka saba, yana jin Hausa sarai amma bakinsa ya fi sauri da wancan. Ya ce wancan zamani ne ya wuce, shi yana da takardar jami'a da hatimin hukuma, duk wanda ya tambaya zai nuna masa. Na ce ya dai ja faranti daga bakin katanga. Ya ja, don ya faranta mini. Washegari iska ta sauya, ya mayar da shi inda yake.

Abin ya faro daga maƙwabcinmu na dama, mutumin Sudan ne, Bahaushen Mai Wurno, yana tuƙa tankar ruwa zuwa wani sansanin leburori a bakin bahar. Suna hira da ɗana a ƙofar gida ya ambaci wata 'yar hanya da suke yankewa ta bayan tudun rairayi. Ɗana ya san wurin, turakunsa na can. Ya ce masa ya bar hanyar nan kafin sanyi ya fita, yashi zai rufe ta. Direba ya yi masa ba'a, ya ce yaron da aka yi wa kaciya jiya ne zai koya masa hanya. Amma ya bari. Kafin zafi ya shigo, tankar wani abokin aikinsa ta nutse a wurin har gindi, sai da aka kawo wata motar ta ja ta.

Direban nan ba mugu ba ne, surutu ne da shi. Bayan la'asar a ƙofar masallaci ya ba da labarin yana dariya, ya ce ɗan Hajja ya duba masa yashi ya ga abin da zai faru. Maza suka yi dariya suka watse. Amma kowane namiji yana da mata a gida, kuma kafin maganar ta zagayo kunnena dariyar ta zube a hanya, sauran ta iso.

Na fara lura. Mata da ba su taɓa shigowa gidana ba suka fara zuwa gaisuwa. Su zauna, su sha shayi, idonsu na kan matakala. Wata ta zo aron turmi, alhali na san tana da biyu. Wata ta kawo turaren wuta ta ce a ba wa malam. Na ce babu malam a gidan nan, ta yi murmushi irin na wadda ta gane, ta ce haka ne Hajja, ai ba a faɗa. Na mayar mata da turarenta. Na sa ƙyaure a gindin matakala. Da rana idan yana sama, ni ina zaune a tsakar gida ina fuskantar ƙofa, ko tsintar shinkafa nake ido ɗaya na can.

Akwai wata yarinya 'yar Cadi da ke haya a ɗaki ɗaya bayan gidanmu, da 'ya'ya ƙanana. Mijinta magini ne, ya bi wani ɗan kwangila zuwa arewa wajen Tabuka, shiru, babu saƙo, babu wanda ya gan shi, har watanni suka taru. Ba ta da takardun da za ta je ta yi cigiya a hukuma. Wanki take yi wa mutane. Ina ba ta ragowar abinci, ina kuma yi mata faɗa idan ta bar yara a rana. Ita ba ta taɓa tambayata komai a kan ɗana ba, shi ya sa ban tsare ta ba.

Wata ranar da hantsi ta kawo wankin da na ba ta, ta ce bari ta shanya mini a sama. Hannuna na cikin ƙullu. Sai da na ji ƙarar ƙyauren matakala sannan na tuna yana can. Na wanke hannu na bi ta, amma ƙafata ba ta sauri. Da na kai, kwandon wanki na ajiye, ita kuma ta durƙusa nesa kaɗan da farantin, ta rufe rabin fuska da mayafi. Ya kashe fanka yana kallonta, bai gane ba.

Ta ce, "Malam, abu ɗaya kawai. Yana raye?"

Ya dube ni, na girgiza masa kai. Ya ce mata shi ba malam ba ne, wannan yashin bahar ne, awo yake yi. Ta ce ta sani, ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya sake yi mata bayani da Hausarsa mai karyewa, har ya ɗebo yashin ya nuna mata. Ta kalli tafin hannunsa kamar mai karanta wani abu, hawaye na zuba, ba ta motsa ba. Shi kuma zuciyarsa irin ta ubansa ce, ba ya iya ganin kuka. Ya goge hannu a jikin farantin, yatsunsa suka bar layi a kan yashin, ya ce mata abin da kowane Musulmi zai ce.

"Ki yi haƙuri, yaya. In sha Allahu zai dawo."

Ta kalli layin, ta kalle shi, ta tashi ta sauka. Ko wankin ba ta shanya ba.

Na ce masa ya gama da mu. Ya ce me ya yi, addu'a ce kawai. Na ce idan mutumin nan ya mutu, za ta ce ka yi mata ƙarya. Idan ya dawo, ya fi muni. Ya ce ina tsorata kaina ne. Ya kunna fankarsa.

Daga ranar na zauna jira. Ban san abin da zan roƙa ba. Ba zan roƙi Allah ya hana mace mijinta ba, ba zan kuma iya cewa ina ɗokin dawowarsa ba. Idan na ji sayyara ta tsaya a lungu sai in ajiye abin da ke hannuna. Ɗana ya koma bakin bahar, ya dawo da wasu jakunkunan, fatarsa ta ƙone, yana murna wai wani tsibirin ya tsage biyu bayan iska mai ƙarfi, kuma shi ne ya fara gani. Ina jinsa, ina kallon ƙofa.

Bayan Idin layya, wata la'asar, na ji guɗa daga bayan gida. Guɗa mai tsawo, wata ta karɓa, wata ta ƙara. Ban tambayi kowa ba, na sani. Maginin ya dawo, a rame, ashe ciwo ya kwantar da shi a wani ƙauye. Yara na gudu, mata na fitowa da mayafi a hannu. Na zauna a bakin rijiyar tsakar gida. A rayuwata ban taɓa jin guɗar da ta yi mini kama da kukan mutuwa ba sai wannan.

Kafin magariba yarinyar ta shigo, da mijin a bayanta, da tire na dabino a ka, da rabin matan lungu. Ta faɗi a gabana tana godiya, tana faɗa da ƙarfi yadda ya ja layi ɗaya a yashi ya ce zai dawo. Na ce ta tashi, Allah ne ya dawo da shi. Ta ce ƙwarai, Allah ne, ta hannun bayinsa. Babu ƙeta a ranta ko kaɗan. Da ƙeta ce da na san yadda zan yi da ita.

Bayan haka ba 'yan unguwa kaɗai ke zuwa ba. Aka fara zuwa har daga unguwar Bani Harisa. Wata rana wata Balarabiya ta sauko daga babbar sayyara, direba na jiranta, ta tambayi gidan Takaruni mai yashi, haka Larabawa ke kiran irinmu. Na ce ta yi ɓatan kai. Wani mutum kuma da ban sani ba ya tsaya a inuwar katangar da ke fuskantarmu, ba ya sayen komai, ba ya jiran kowa, yana kallon saman gidanmu. Ya zo, ya sake zuwa.

Sai umda ya aiko yana son ganina. Umda shi ne mai unguwa, dattijo ne da ya san mijina, tare suka yi dako a kasuwa suna samari. Ya zo da kansa bayan la'asar, ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. Ya sha shayi, ya tambayi lafiyar 'ya'yana mata da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Har ya miƙe zai tafi, sannan ya ce an zo an tambaye shi game da yaron, ya ce musu ɗan jami'a ne, aikin hukuma yake yi. Sun rubuta, sun tafi. Ya ce shi an tambaye shi sau ɗaya ya amsa, idan aka koma tambaya ba wajensa za a zo ba.

Ya sa takalmi, ya ƙara da cewa, "Na ji an ce an ba shi tafiya karatu waje. Karatu abu ne mai kyau, Hajja."

Na tsaya a bayan labulen har sawunsa ya ɓace. Na san ɗana zai ce yana da takarda. Wataƙila ma takardar ta fisshe shi. Amma bayani sai an tafi da mutum ake sauraronsa, kuma wanda aka taɓa tafiya da shi a kan wannan magana, ko ya fito, sunan ya bi shi: jami'a za ta ja baya, babu mai ba shi 'ya, shaidu kuma ga su nan cike da lungu, kowace za ta rantse da zuciya ɗaya cewa ta ga alherinsa.

Na hau sama. Yana girgiza rariyoyinsa. Na ce ya ajiye. Na tambaye shi ko tafiyar nan tana nan. Ya ce malaminsa ya riƙe masa ita, amma bana ce ta ƙarshe.

Na ce, "Ka tafi."

Ya ce, "Ya ummi, ke kika ce ba ki haife ni don in mutu a can ba."

"Na faɗa. Ban kuma haife ka don a fitar da kai daga gidan ubanka da faranti a ka ba. Gobe ka kwashe kayan nan ka kai Jidda, ka zauna can har takardunka su fito. Kada ka zo sallama, ni zan zo."

Ya buɗe baki zai kawo hujja, ya dubi fuskata, ya fasa. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ne na ba shi, amma babu murna a idonsa, nawa kuma ban bari ya gani ba.

Da hantsi ya loda jakunkuna da rariyoyi da takardu, a gaban kowa, na tsaya a ƙofa ina faɗa da ƙarfi cewa kayan jami'a ne ana mayarwa. Farantin na sa aka faskara, na hura wuta da shi. Yashin da ke kansa ya rage, ya ce ba shi da amfani, gauraye ne. Na share shi tas na zuba a bokiti, na kai bayan unguwa na juye a tsakanin duwatsu. Fari a kan baƙi, ana hango shi daga nesa. Da na bi ta wurin washegari, rabinsa babu. Ga sawun yatsu nan inda aka ɗiba.

Mutumin inuwar katanga ya sake zuwa sau ɗaya, ya ga sutuhi babu kowa sai shanya, bai dawo ba. Mata sun daɗe suna tambayata yaushe malam zai dawo. Na ce ya tafi karatu. Suka ce Allah ya ƙara buɗi, suna kallon juna.

Ya yi shekarunsa a can, ya zama dakta a kan tsibiran yashi, ya dawo yana koyarwa a gabashin ƙasar nan, wani bakin ruwan daban, nesa da mu. Ɗalibansa ne yanzu ke kafa turaku. Bai sake zama a Madina ba, ban kuma ce ya dawo ba. Ban san inda za a binne shi ba, na daina tambayar kaina. Yana zuwa da azumi, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Yarinyar nan 'yar Cadi ta tsufa a lungunmu, har yau idan ta ji ya zo sai ta aiko da dabino, jikokinta kuma sun san labarin layin da aka ja.

Idan ya iso, kafin ya shiga, nakan karɓi takalmansa in fita da su bayan gida in kakkaɓe, in duba cikinsu da hannu. Yana dariya, yana cewa daga jirgi yake. Ni dai ina kakkaɓewa.